An ƙara masa girma, ba a ƙara masa ko sisi ba: maganar sunayen muƙamai masu ban dariya

Watan jiya ƙanena ya shigo gida yana wani taku ɗai-ɗai da sabon katin aiki rataye a wuya, ya durƙusa gaban mahaifiyarmu ya ce "Umma a sa albarka, an ƙara min girma a wajen aiki." A wani kamfanin ruwan leda yake, shekararsa biyu kenan a can. Umma ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a, ni kuma na ce miƙo katin in gani. Abin da aka rubuta da Turanci in ka juya shi zuwa Hausa shi ne Shugaban Sashen Gamsar da Abokan Ciniki. Na ce to madalla, mutum nawa ne a ƙarƙashinka? Ya ce "Yaya ai sashen sabo ne, ni kaɗai ne tukunna." Albashin fa? "Oga ya ce a bari kasuwa ta buɗe." To aikin me kake yi yanzu? Ashe dai aikin nan ne na da, ɗaga waya idan masu shago sun kira suna masifa mota ba ta zo ba ko rabin ledojin sun fashe a hanya. Abu ɗaya ne tak ya canza, da ƙarfe biyar yake tashi, yanzu sai motar ƙarshe ta dawo an yi lissafi wajen takwas na dare, saboda wai shugaba ba ya riga mutane tafiya gida.

Na yi dariya ranar har Umma ta harare ni, amma daga baya da na zauna na ga ai wannan abin ba a kamfanin ruwan leda ya tsaya ba, duniya ce gaba ɗaya ta cika da irin waɗannan sunaye, kuma ba duka ne iri ɗaya ba ko da yake duk dariya ɗaya muke musu.

Akwai na manya, waɗanda suke raɗa wa kansu don nishaɗi. A watan Maris na 2021 kamfanin Tesla ya aika takarda a hukumance ga hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka yana sanar da cewa daga yau muƙamin Elon Musk shi ne Technoking, kamar ka ce Sarkin Fasaha, shi kuma mai kula da kuɗin kamfanin, Zach Kirkhorn, ya zama Master of Coin, wato dai Ma'aji amma da salo. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne a cikin takardar an ƙara da cewa dukkansu biyu suna nan a kan muƙamansu na asali. Wato wasan bai taɓa komai ba, ikon yana nan kuɗin suna nan. Da ya zo sayen Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022 ma sai da ya rubuta wa kansa Chief Twit a shafinsa, alhali kalmar twit a Turancin Ingila tana nufin wawa ko sakarai. Tun kafin shi waɗanda suka kafa Yahoo, Jerry Yang da David Filo, Chief Yahoo suke kiran kansu. A Google akwai Vint Cerf, ɗaya daga cikin mutanen da suka tsara ka'idojin da intanet take tafiya a kai, tun 2005 muƙaminsa Babban Mai Wa'azin Intanet, sannan akwai Parisa Tabriz injiniyar tsaron kwamfuta da ta sa aka buga mata Gimbiyar Tsaro a katinta. Duk waɗannan mutane ne da sunansu ya riga ya fi ƙarfin muƙaminsu. In attajirin unguwa ya ce a dinga kiransa Talaka ba abin da ya rage masa, ƙara masa kwarjini ma yake yi. Mu ma nan mun gani, Babangida Aliyu shekara takwas ya yi yana mulkin jihar Neja daga 2007 zuwa 2015 yana cewa shi Babban Hadimi ne, amma dai jiniya ba ta daina kuka a gabansa ba.

Na Ingila kuma nasu daban ne, su al'ada ce suka riƙe suna dariya da kansu. Akwai mage mai suna Larry da aka kawo gidan firaminista a Fabrairun 2011 zamanin David Cameron, muƙaminsa a hukumance Babban Mai Kama Ɓera na ofishin majalisar ministoci, firaministoci sun zo sun wuce shi yana nan kwance a bakin ƙofa. A Hasumiyar Landan akwai ma'aikacin da aikinsa kula da hankaki ne, da muƙaminsa da kakinsa. Wannan ba ya cutar da kowa, 'yan yawon buɗe ido ma yake jawo musu.

Amma kafin mu yi nisa da yi wa Turawa dariya bari mu leƙa gida, don gaskiya in ana maganar sunayen muƙamai Bahaushe ba ƙanen kowa ba ne. Ka ɗauki baƙon da bai san ƙasar Hausa ba ka fassara masa Sarkin Lema, Majasirdi, Sarkin Zagi, Kilishi, Sarkin Mota, ka ce masa wannan mai riƙe wa sarki lema ne, wancan mai kula da sirdi, wannan kuma shi ke yi wa sarki shimfiɗa, wallahi dariya zai yi kamar yadda muke yi wa mai kula da hankaki. Ga Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma, ga Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, har Sarkin Gwauraye muke da shi, Nalako na Kano da ke fita da azumi ana kame gwagware da ganga. Sai dai akwai wani abu game da waɗannan sarautu da ya bambanta su da katin ƙanena. Sunan yana gaya maka aikin kai tsaye, kuma a bayan sunan akwai mutane da iko da rabo. Sarkin Pawa shi ke raba rigimar mahauta, da saninsa ake yanka a kasuwa, kuma yana da abin da yake samu. Sarkin Makafi in an taɓa makaho a gari wajensa ake zuwa. Ba wanda aka taɓa naɗa wa rawanin Sarkin Maƙera alhali shi kaɗai ne maƙeri a garin kuma aka ce masa jira kasuwa ta buɗe.

Wani abin ma da tarihi ya nuna shi ne sau da yawa muƙamin da sunansa ya fi kama da ƙasƙanci shi ne mai ƙarfi, saboda kusanci da mai mulki. Shamaki a fadar Kano asalin aikinsa kula da dawakin sarki ne, kuma sarautar bayi ce, amma shi da Ɗan Rimi da Sallama sun kai matsayin da hakimi ma sai ya bi ta hannunsu. Madaki daga Madawaki ne, mai dawaki, ga shi yau yana cikin masu zaɓen sarki. A Ingila zamanin Sarki Henry na Takwas akwai muƙamin da aikin mai riƙe da shi, a yi min afuwa, shi ne raka sarki makewayi da kula da kujerar da yake zama a kai, kuma manyan mutane ne suke rububin samunsa saboda shi kaɗai ke keɓewa da sarki kullum, har aljihun sarki na kashin kansa ya koma hannunsa. Sai a 1901 aka daina naɗa shi. Ko kalmar nan kwanstabul da muke kiran ƙaramin ɗan sanda da ita, asalinta a Latin mai kula da bargar dawaki take nufi, Shamakin Turawa kenan, kuma a Faransa ta da shi ne babban kwamandan sojan sarki, yau ga inda ta gangaro. Wato da can suna ƙarami iko babba. Abin da muke gani a ofisoshi yanzu juyin wannan ne.

To me ya sa kamfani zai bai wa mai ɗaga waya sunan shugaba? Amsa ta farko mai sauƙi ce, suna kyauta ne. Ƙarin albashi duk wata sai ka biya, ga fansho yana hawa a kai, amma kati sau ɗaya za a buga shi. Kuma mutum yana son girma, ko ni aka ce min darakta zan ɗan ji wani iri a raina, ba ƙarya.

Amsa ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni mamaki don ashe lissafi ne tsagwaronsa. A Amurka akwai dokar ƙwadago tun 1938 da ta ce duk ma'aikacin da ya wuce awa 40 a mako dole a biya shi ƙarin awannin a kan ninki ɗaya da rabi. Amma dokar ta cire manajoji, in dai ana biyan mutum tsayayyen albashi da ya kai wani adadi kuma aikinsa na shugabanci ne, to ba shi da kuɗin ƙarin awanni ko da zai kwana a ofis. Shekaru da dama wannan adadin dala 455 ne a mako. A farkon 2023 wasu malaman jami'a uku, Lauren Cohen na Harvard da Umit Gurun da Bugra Ozel na Jami'ar Texas da ke Dallas, suka fitar da bincike bayan sun bi tallace-tallacen neman ma'aikata na shekaru, sai suka ga daidai inda albashi ya tsallake dala 455 ɗin nan da kaɗan, nan sunan manaja yake yin tsalle kusan ninki biyar. Ƙasa da layin kowa ma'aikaci ne, sama da shi da 'yan daloli kowa ya zama manaja. A cikin misalan da suka kawo akwai mai zama a teburin ƙofar ofis yana tarbar baƙi da aka mayar Darakta, wai Daraktan Ganin Farko, tun da shi baƙo ke fara gani, akwai mai aski da ya zama Manajan Gyaran Jiki, har mai wanke kafet an ba shi manaja. Sun ƙiyasta kamfanoni suna tsira da wajen dala biliyan 4 duk shekara ta wannan hanyar. Ka ga kenan sunan da muke turawa juna a WhatsApp muna dariya, wani da shi aka cinye masa kuɗin cefane. Dokarmu ba irin tasu ba ce, kuma Ogan ƙanena na tabbata bai taɓa jin labarin wannan binciken ba, amma dabarar ya gano ta da kansa, awa uku kullum kyauta a kan kuɗin buga kati ɗaya.

Akwai kuma masu laushin suna, waɗanda ba manaja suke ba ka ba sai dai su goge kalmar ma'aikaci. Subway suna kiran masu haɗa burodi da nama Masu Fasahar Sanwic, Starbucks masu shagunan shan kofi suna ce wa ma'aikatansu Abokan Tarayya, Disney kowa ɗan wasa ne ko da shara yake yi, Apple kuma masu duba maka waya a shagonsu Haziƙai ne. A nan ba zan ce duka yaudara ba ce, wasunsu suna haɗawa da horo da ɗan hannun jari, amma dai abokin tarayyar da za a iya sallama da takarda ɗaya ka san tarayyar da sauranta.

Sannan suna ma kamar Naira yake, in aka buga da yawa darajarsa faɗuwa take. A 2012 wani ma'aikacin bankin Goldman Sachs mai suna Greg Smith ya ajiye aiki ya rubuta doguwar suka a jaridar New York Times, duniya ta ɗauka ai mataimakin shugaban banki guda ne ya fasa ƙwai, sai bankin ya fito ya ce a'a, irinsa masu muƙamin mataimakin shugaba kusan 12,000 muke da su. Mu ma haka muka yi wa namu. Mai gyaran janareto Injiniya, alhali COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ita kaɗai ke da ikon ba mutum damar amsa wannan sunan, mai kemis Dakta, wanda ya taɓa sayen fom ɗin kansila bai ma ci fidda gwani ba Honarabul har abada, wanda ya je taron matasa na kwana biyu a otal Ambasada. Ka shiga Facebook kowace mai sayar da turaren wuta a status CEO ce. Ni dai wannan na ƙarshen ba na jin haushinsa, ita ta kafa abinta ita ke ɗaukar asara, in ta ga dama ta kira kanta Sarauniya, ba ta tauye haƙƙin kowa ba. Na mai kemis ne yake ba ni tsoro saboda akwai wanda zai yarda ya miƙa masa ɗansa.

Na gwamnati kuma wata duniya ce, don a can abin a juye yake, a kamfani aiki ne ba kuɗi, a siyasa kuɗi ne ba aiki. Ayo Fayose da ya koma kujerar gwamnan Ekiti a Oktoban 2014 ya naɗa mai taimaka masa kan abin da ya kira gina ciki, wato yadda ake gina titi da gada haka shi ma tumbi yake buƙatar kwangila, shinkafa da kaji. A Disamban 2017 Rochas Okorocha na Imo ya naɗa 'yar uwarsa kwamishinar Farin Ciki da Cikar Buri, mutane suka yi ca suna cewa a biya 'yan fansho a gani in farin ciki bai zo da kansa ba. Ben Ayade na Kuros Riba hadimai sama da dubu ya naɗa, kuma bai ɓoye ba, ya ce don a sa wa mutane abinci a tebur ne. A 2021 gwamnan Bauchi Bala Mohammed ya naɗa mai taimaka masa kan harkokin mata marasa aure, aka yi ta barkwanci ana cewa saura na gwauraye. Amma a yi adalci, ba kowane suna mai ban dariya ne shirme ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta naɗa ministar Farin Ciki a 2016, Birtaniya ta ba wata minista aikin yaƙi da kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, kuma kaɗaicin tsofaffi a can matsala ce ta gaske mai kai mutane asibiti. Matsalar zawarawa a Arewa ma duk wanda yake da 'yar uwa a gida da yara uku ya san ba wasa ba ce. Abin dubawa shi ne an ba ofishin kasafi da ma'aikata da abin da za a tambaye shi a ƙarshen shekara, ko kuwa takardar naɗi ce kawai da alawus da hoton da za a sa a Facebook ana ta Allah ya taya riƙo.

Kada kuma a ce na tsani abin gaba ɗaya, akwai inda yake da amfani kuma an gwada. A 2014 Adam Grant da Justin Berg da Dan Cable sun wallafa bincike da ya fara daga wani reshe na gidauniyar Make-A-Wish, masu cika wa yara masu matsanancin ciwo burinsu, aiki ne mai cin rai don kullum kana tare da iyayen da ɗansu ke jinya mai tsanani. A can an bar ma'aikata kowa ya zaɓar wa kansa suna na wasa a gefen muƙaminsa na asali, kuma da yawansu suka ce yana rage musu nauyin zuciya. Sai masu binciken suka kai abin asibitoci, wani likitan cututtuka masu yaɗuwa ya kira kansa Makashin Ƙwayoyin Cuta, mai ɗaukar hoton ƙashi ya zama Mafarautin Ƙashi, mai yi wa yara allura ta zama Mai Saurin Hannu, bayan mako biyar aka ga gajiyar zuciyarsu ta ragu idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Amma ka lura su suka zaɓa da kansu, sunan yana faɗin aikin da suke yi da gaske, kuma ba a karɓi komai a hannunsu a madadinsa ba. Wannan ai kirari ne, mu mun daɗe da sanin mutum yana ƙara ƙwazo in an wasa shi, shi ya sa ake kai makaɗa gona ranar gayya, sai dai ba a taɓa cewa kiɗan ya maye gurbin fura da tuwon 'yan gayya ba.

Wata illar da ba a cika faɗa ba tana zuwa ranar da mutum zai nemi wani aikin. Manyan kamfanoni yanzu kwamfuta ce ke fara tace CV kafin ɗan Adam ya gani, tana neman kalmomin da ta sani, akawu, mai kula da sito, mai karɓar kuɗi, in ta ci karo da Jarumin Lissafi ba ta san shi ba sai ta wuce. In kuma sunan babba ne ka shiga intabiyu tambayar farko ita ce mutum nawa ka shugabanta, nawa ne kasafin sashenka, kai kuma daga kai sai waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Ka nemi ƙaramin aiki su ce ka fi ƙarfinsa, ka nemi babba su gane ba ka kai ba.

Mu kuma a nan akwai harajin da Bature bai sani ba, na dangi. Ranar da aka ji an ƙara maka girma lissafin kowa a kanka ya canza, gudummawar biki da kake ba da dubu biyu yanzu in ka ba da ita sai a ce ka fara rowa, ba wanda zai tambayi takardar albashinka. Ƙanena mako biyu da rataya katin Gwaggonmu ta aiko ɗanta tun daga ƙauye da jakarsa, ya gaishe da Umma ya juya wajensa ya ce "Yaya, Gwaggo ta ce tun da yanzu kai ne shugaba a sama min ko gadi ne a wajenku." Yaron yana nan a ɗakinsa har yau, su biyu a katifa ɗaya. Da abin ya ishe shi ya je ya sami Oga ya ce ranka ya daɗe nauyi ya ƙaru, a duba maganar albashin nan. Oga ya ce ya ji, kuma yana sane da ƙoƙarinsa, akwai tunanin da suke yi in shekara ta zagayo a ƙara masa Babban a gaban Shugaban.